Goyo a Mashigin Rafi

Hoton na fitowa a jikin bango, ajin ya yi tsit.

Auta tana zaune a benci na biyu tana murmushi, domin ita ta ɗauki hoton, kuma ta san ya yi kyau. Kwana huɗu ke nan tana kallonsa a ɗan gilashin bayan kyamara, wanda bai fi akwatin ashana faɗi ba. Rafi ya kawo jan ruwa, karyayyen ginshiƙin tsohuwar gada yana tsaye a gefe, ga wani mutum cikin ruwa har ƙugu, goye da wani tsoho. Da sassafe ta ɗauke shi daga can kan tudu, ba ta ma san ko su wane ne ba.

Yanzu da majigin Malama ya haska shi ya kai girman ƙofa, sai ta sani.

Mai goyon ya ɗan juyo da fuskarsa gefe. Kafinta ne. Kafintanta, wanda yake zaune a bayanta yanzu haka, ƙamshin katako na tashi daga rigarsa. Tsohon kuwa ya lulluɓe kansa da tawul, ya cusa fuska a kafaɗar mai goyonsa, takalmansa rataye a wuya, babu mai iya gane shi. Amma hannunsa na hagu yana riƙe da wuyan rigar Kafinta, ƙaramin yatsan a lanƙwashe, yadda bulo ya bar shi tun kafin a haife ta.

Hannun Babanta ne.

Murmushinta ya ɗauke.

"Wannan shi ne!" in ji Ungozoma, wadda ta girme su duka, tana buga benci da tafin hannu. "Shi za mu sa a tsakiya! Duk wanda ya kalli wannan bai ce a yi mana gada ba, to dutse ne a ƙirjinsa."

Mako shida ke nan da Malama ta zo ƙauyen da jaka cike da ƙananan kyamarori. Wata ƙungiya ce ta turo ta. Ba ta zo ɗaukar hoton kowa ba. Mutum goma sha biyu ta zaɓa, maza da mata, ta koya musu riƙo da saiti, ta ce su je su ɗauko abin da suke alfahari da shi da abin da yake damunsu. Duk ƙarshen mako suna haɗuwa a ajin firamare su kalli abin da suka samo, su yi gardama, su zaɓa. Saura kwana goma jami'an ma'aikatar ayyuka su zo kallon guda ashirin da aka fi so. Doka ɗaya Malama ta rubuta a allo tun ranar farko, ta kuma hana a goge ta: ba a rataye hoton mutum sai ya gani da idonsa ya ce ya yarda.

Malama ta juyo tana murmushi.

"Kafinta, ga ka nan a ciki. Ka yarda?"

Ya miƙe a hankali. Bai kalli Auta ba.

"Ban yarda ba, Malama."

"Me ka ce?" in ji Ungozoma.

"Na ce ban yarda ba, Gwaggo."

"To wa ka goya?"

"Mutum ne."

"Ai mun gani, ba mu ce buhu ba ne! Wane mutumin?"

"Ba zan faɗa ba..."

Aji ya kaure da surutu. Wannan na cewa son kai ne, wancan na cewa hassada yake wa Auta, har da mai tuna masa cewa matar ƙanensa a bakin wannan rafin ta haihu bara. Mai Shago, wanda yake cikin sha biyun, ya gyara zaman agogonsa ya ce da ƙarfi, "Girman kai ne kawai. Ba ya son manyan baƙi su gan shi yana aikin jaki."

Kafinta ya koma ya zauna abinsa.

Malama ta ɗaga hannu. "Shi ke nan. Ya ce a'a, kuma ba sai ya faɗi dalili ba. Ku da kanku kuka amince da dokar nan."

Kafin ta cire hoton, Auta ta ga Mai Shago ya ƙura wa takalman da ke wuyan tsohon ido. A shagonsa aka saye su. Ta ga ya zaro wayarsa a hankali ya saita bango, ya ɗauki hoton.

*

Labarin gadar nan babu wanda bai san shi ba a ƙauyen, sai dai ba a yin sa a gaban Magini, Baban Auta.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce jama'a suka haɗa ƙarfi aka yi ta. Baban Auta ne ya gina, mahaifin Kafinta kuma, wanda shi ma kafinta ne, ya haɗa katakon da aka tare kankare da shi. Aminai ne a lokacin, a kwano ɗaya suke cin abinci a wurin aiki. Ran da za a zuba harsashi, tsohon kafintan ya leƙa ramin ya ce a gaban leburori, "Ƙara tona, ba ka kai dutse ba." Magini ya ce masa ya tsaya a kan zartonsa. Damina huɗu gadar ta yi, a ta biyar ruwa ya tafi da ita.

Tun daga ranar Magini ya tsaya kai da fata cewa katako aka cire da wuri, kankare bai gama kamawa ba. Tsohon kafintan bai taɓa mayar masa da magana ba, har Allah ya ɗauki ransa ba su sake gaisawa ba. Magini kuwa ya daina bi ta mashigin. In zai haye rafi, sai ya yi zagayen awa biyu ta hanyar gonaki, da ciwon gwiwarsa da komai.

To, ɗan wannan mutumin ne zuciyar Auta ta ga dama ta zaɓa, duk samarin ƙauyen nan. Ita ma wani lokaci dariya abin yake ba ta. Sau biyu kawun Kafinta yana zuwa gaisuwa, sau biyu Baba yana karɓarsa a tsaye. Shi Mai Shago yake so mata, yaro mai takalmi a goge da gaisuwa har ƙasa. Auta ba ta ƙi shi don komai ba, sai don duk hirarsa a kan kansa take ƙarewa.

Washegari da hantsi ta nufi shagon Kafinta.

Ta same shi yana yanka katakon firam, domin shi aka ba aikin haɗa wa hotuna ashirin ɗin gidajen da za a rataye su a ciki. Garin katako ya yi masa fari a gira. An jera waɗanda ya gama a jikin bango, kowanne da 'yar takarda mai lambar hotonsa. Kujeru biyu da aka kawo gyara jiya babu su, masu su sun aiko an kwashe da safe.

"Sannu da aiki, yallaɓai mai zarto."

Ya ɗago ya yi murmushi. "Autata. Kin zo ki zage ni ke ma?"

"Na zo in tambaye ka."

"To tambayi."

"Babana ne, ko?"

Zarton ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon katakon da ke hannunsa, sannan ya ajiye shi.

"Yatsan kika gani?"

Ta ɗaga kai, idonta ya ciko.

"Ni ban faɗa miki ba," in ji shi. "Ki zama shaida, ke kika gane."

"Me ya faru?"

"Zan haye in sayo ƙusa. Na same shi a bakin ruwa shi kaɗai, ranar ganin likitansa ce, hanyar gonaki kuma ruwa ya shanye ta. Ya sa ƙafa ya cire, ya sa ya cire. Ya juya wa ginshiƙin nan baya, Auta, ko kallonsa ba ya yi. Na gaishe shi bai amsa ba. Sai kawai na durƙusa a gabansa."

"Ya hau?"

"Ya daɗe... amma ya hau."

"Bai ce komai ba?"

"Sai da muka haye. Ya sa takalmansa ya ce, 'Ba ka gan ni ba.' Na ce, 'Ban gan ka ba, Baba.' Shi ke nan."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Gari duk yana zaginka! Ka san abin da ake cewa a bakin rijiya?"

"Na ji kaɗan. An ce har da jaki a ciki." Ya yi dariya. "Jaki ma ai dabba ce mai amana."

"Ba abin dariya ba ne! Ka faɗa musu mana, ko Malama kaɗai..."

"Na yi alkawari, farin cikina."

"Ko da za a rasa gadar?"

Ta ga abin yana cin sa, domin shi ma kullum cikin ruwan nan yake.

"Akwai hotuna goma sha tara," ya ce. "Shi kuwa mutunci ɗaya gare shi. Mutumin da ya gina gada, a rataye shi a bango ana goye da shi a inda gadarsa ta faɗi? A bayan ɗan wanda ya gargaɗe shi? Ba zan iya ba, Auta. Ko ba Babanki ba ne ba zan iya ba."

Tana tsaye tana kallonsa, da farin gari a girarsa da fensir a bayan kunne, ta ji sonsa ya cika mata ƙirji. Ta kuma ji tsoro, domin ta tuna wayar Mai Shago.

*

Tsoron nata bai faɗi a banza ba. Tana shiga gida ta ga kofin shayin baƙo a kan tabarma, Baba kuma yana zaune a ƙofar ɗakinsa ya ɗaure fuska.

"Zo nan."

Ta durƙusa a gabansa.

"Wa ya tsayar da ke a kan tudu ranar nan?"

"Babu kowa, Baba. Rafi na je ɗauka, Malama ta ce hasken safe ya fi..."

"Hasken safe!" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Shi ya ɗauke ni a ƙasa, ke kina sama da na'ura. Kun shirya, ko ba haka ba? An nuna mini a waya! Ya rama wa ubansa, ya kuma samu 'yata ta riƙe masa fitila."

"Wallahi Baba ban san kai ne ba! Sai jiya na gane!"

"Ki mayar wa matar nan kayanta. Maganar yaron nan kuma na kashe ta yau. In na sake ganin kawunsa a ƙofar gidana, ba za mu kwashe lafiya ba."

"Baba..."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ƙasa ba, Auta ba irin waɗannan ba ce. Ta shiga ɗakin girki ta zauna kusa da Inna, ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yankan albasar da Inna ta fara. Inna ta bar ta, don mai yankan albasa ba a tambayarsa dalilin hawaye.

Da la'asar ta kai kyamarar masaukin Malama, ta ajiye a kan tebur.

"Na san tsohon da ke hoton," ta ce. "Ya ce in dawo da ita."

Malama ba ta tambaye ta ko wane ne ba. Ta dube ta kawai, irin duban da yaya take wa ƙanwa.

"Ya ga hoton?"

"A waya aka nuna masa."

"Wannan ba gani ba ne. Wani ne ya nuna masa abin da yake so ya gani." Ta kunna injin buga hoto, ya yi ta ƙugi har babbar takarda ta fito. Ta naɗe ta, ta ɗaure da zare. "Ke kika ɗauka, ke za ki kai masa. Ba don ya yarda ba, Auta. Ko a'a zai ce, hakkinsa ne ya gani da idonsa. Bayan haka takardar tasa ce, ya ƙona in ya so."

Kwana uku takardar tana ƙarƙashin katifarta ta kasa kai masa. A cikin kwanakin Mai Shago ya zo sau biyu, an shimfiɗa masa tabarma, ya zauna yana ba da labarin sabon firijin da zai sayo. Auta ta gaishe shi ta wuce. Kafinta kuwa ko giftawa ta layinsu ya daina, don kada ya ƙara mata nauyi. Ta yi kewarsa har abinci ya daina yi mata daɗi.

A rana ta huɗu, bayan an karya, ta same shi a tsakar gida yana goge tsohon cokalin gininsa, wanda ya shekara bai taɓa siminti ba amma kullum sai an goge shi. Ta durƙusa ta ajiye naɗin a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Hoton ne, Baba. Dokarmu ce in nuna maka. Ba za a rataye shi ba, ba kuma roƙonka na zo yi ba. Naka ne."

"Ɗauke."

Ba ta ɗauke ba. Ta tashi ta koma ƙofar ɗakin girki.

Inna ce ta yi magana, tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba.

"Maigida, ni dai akwai abin da ya ɗaure mini kai."

Baba ya ci gaba da goge cokalinsa.

"An ce yaron nan tarko ya haɗa maka. To mai haɗa tarko ne zai miƙe a gaban mutane ya ce kada a rataye? Yau kwana biyar gari na zaginsa. An kwashe masa aiki, an kira shi jaki, Ungozoma ta daina amsa gaisuwarsa. Kalma ɗaya zai faɗa ya huta, sunanka kawai. Bai faɗa ba."

"Shi ya hana?" Muryar Baba ta sauka.

"Au, wanda ya kawo maka waya bai gaya maka wannan ba?"

Ta ci gaba da tankaɗenta.

An daɗe. Kaza ta zo ta zagaya naɗin takardar ta wuce. Sannan Auta ta ga hannun nan mai lanƙwasasshen yatsa ya miƙa ya warware zaren.

Ta zaci kansa zai kalla. Ya kalla ɗin, amma sau ɗaya, ya kau da kai. Sai idonsa ya koma gefen hoton, inda karyayyen ginshiƙin yake, ya tsaya a nan. Ya aika Inna ta kawo masa tabarau. Ya ɗaga takardar zuwa haske, ya matso da ita har tana taɓa hancinsa. Ruwan shekara bakwai ya zaizaye gindin ginshiƙin, harsashin ya fito fili, kuma hasken safen da Malama take yabo ya sauka a kansa sosai. Kankaren lafiyarsa lau, ko tsagewa bai yi ba. A kan yashi yake zaune.

Baba ya sa yatsa a wurin, ya bar shi a nan.

"Kankaren ya kama," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ya kama sarai..."

Ya naɗe takardar ya shiga ɗaki. Ranar bai ci abincin rana ba, kuma babu wanda ya yi masa magana.

*

Ranar nuni ajin firamare ya cika har taga. An share, an yayyafa ruwa, an jera hotuna goma sha tara a bango cikin firam ɗin Kafinta. Ga na Ungozoma, gadon haihuwa mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu. Ga na mai kiwon kaji, matarsa tana dariya da kwandon ƙwai. Ga na Mai Shago, wanda, ba abin mamaki ba, hoton shagonsa ne. Kowa yana tsaye kusa da nasa yana yi wa baƙi bayani da bakinsa, yadda Malama ta tsara.

Jami'an su uku ne, da wata injiniya mai ɗan littafi a hannu. Suna kallo, suna gyaɗa kai cikin ladabi, babbansu kuma ya fara duban agogo.

Auta tana tsaye a kusurwa. Malama ta mayar mata da kyamarar don ranar kawai, ta ce ta ɗauki taron. Can ƙarshen ajin Kafinta yake, shi kaɗai, mutane sun bar fili tsakaninsu da shi. Idonsu ya haɗu sau ɗaya, ya yi mata ɗan murmushi, ta ji kamar ta fashe da kuka.

Sai surutun bakin ƙofa ya ɗauke.

Baba ne, cikin farar rigarsa ta fita, yana dogara sanda, naɗin takarda a hammatarsa. Mutane suka dare. Bai gaida manyan baƙi ba. Ya wuce su kai tsaye har ƙarshen ajin, ya tsaya a gaban Kafinta.

Kafinta ya durƙusa. "Barka da zuwa, Baba."

"Tashi. Wannan ba shi da firam ne?"

Kafinta ya kalli takardar, ya kalli tsohon.

"Akwai, Baba. Na haɗa ashirin... na ajiye ɗaya."

"Kawo."

A kan teburin malami aka sa shi, ajin duka yana kallo. Hannun Kafinta, wanda bai saba kuskure ba, sai da ya sake buga ƙusa ɗaya. Baba ya karɓa ya juya shi ga jama'a.

"Kuna ta tambaya wa aka goya," ya ce. "Ni ne."

Ungozoma ta dafe ƙirji.

"Ni ne a bayansa, ni ne kuma na gina wannan da kuke gani a karye. Shekara bakwai ina cewa katako aka cire da wuri. Ƙarya na yi wa kaina, na yi wa mamaci." Ya juya wurin injiniyar, ya sa yatsa a gindin ginshiƙin. "'Yata, matso ki gani. Yashi ne. Na tona tsayin mutum na tsaya, saura kamu huɗu ko biyar in kai dutse. Dutsen yana nan, ya karkata ta wajen tudu. In za ku yi, nan za ku tona, kada ku bari kowa ya ce muku ya isa."

Injiniyar ta matso. Ta tambaye shi faɗin rafin a tsakiyar damina, ya faɗa. Ta tambayi inda ruwa yake bugawa, ya nuna. Ta cika shafi ta juya wani, babban nasu kuma ya manta da agogonsa.

Malama ta yi gyaran murya, idonta ya yi ja.

"Baba Magini, ka ga hoton da idonka. Ka yarda a rataye?"

"Da ban yarda ba zan ɗauko shi?"

Aka yi dariya, irin wadda take fitowa bayan an daɗe ana riƙe numfashi.

"Kafinta, kai fa?"

Kafinta ya kalli Baba.

"Na sake ka," in ji Baba. "Ka gan ni."

"Na yarda, Malama."

Ungozoma ta ratso mutane ta kama hannun Kafinta da hannu biyu. "Ɗan nan, ka yafe mini! Bakina ya yi maka yawa!" Auta ta waiga neman Mai Shago, sai ta ga hoton shagonsa kawai a bango, mai shi ya sulale.

Ta zaci an gama. Ta matso don ta kama wa Baba sanda, sai ta ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba don jama'a ba.

"Ubanka ya yi gaskiya."

Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Abokina ne, ka sani? Tun muna yara. Ya faɗa mini gaskiya a gaban leburori, na ji kunya, na bar kunyar ta cinye mana shekara goma sha ɗaya. Na so a ce yana nan in faɗa masa." Ya dafa kafaɗar Kafinta. "Ba ya nan. Kai ne kake nan."

"Ya yafe maka tun tuni, Baba. Har ya rasu, in aka zage ka a gabansa tashi yake."

Baba ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, sai ya ga Auta tsaye, kyamara a hannu, hawaye har haɓa.

"Ke kuma kukan me kike yi?"

"Ba komai, Baba..."

"Ba komai!" Ya juya ga Kafinta. "Ka ji irin matar da kake nema. Ta tsaya a kan tudu ta tona asirin ubanta, ta ce ba komai."

Kafinta ya ɗago da sauri.

"Baba...?"

"Ka turo kawunka jibi. Ka ce masa ya zo da shirin zama, za a shimfiɗa masa tabarma."

Auta ba ta san lokacin da ta ɗaga kyamarar ba. Ta ga su biyun a ɗan gilashin, hannun Baba a kafaɗar Kafinta, ta danna. Mako shida ana koya mata ta riƙe numfashi, ta manne gwiwar hannu a jiki, yau duk ya tafi. Hoton ya fito a dagule, farar riga da inuwa biyu kawai.

Kafinta ya matso ya leƙa ta kafaɗarta.

"Autata, wannan wace irin sana'a ce? Ko ni ban gane kaina ba."

Ta yi dariya cikin kuka, ta rungume kyamarar a ƙirji.

"Ni na gane ku," ta ce. "Ka haɗa masa firam."